Kwana Goma Sha Tara na Baba Iona

Badu, 7 ga Maris, 1994

Yaya Mareko,

Ina gaishe ka da sunan Ubangiji. Yaya ƙafar nan da na ji an ce tana kumbura maka? Ka gaishe da matarka da yara. Mu nan tsibiri lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa har rogo ya fara ruɓewa a gona.

Na san za ka yi mamaki. Shekara goma sha ɗaya rabonmu da juna, ko katin Kirsimeti ban taɓa aiko maka ba. Amma kakarka da kakana nono ɗaya suka sha, kuma kai kaɗai ne namu a garin da gwamnati ke ajiye takardunta. Ban buga waya ba don ka san wayar ofishin kansila, kafin mutum ya ajiye ta maganarsa ta riga shi isa gida.

Mun sa ranar buɗe dutsen kabarin mahaifina, Baba Iona, 17 ga Disamba. Surukai sun karɓi aikin kamar yadda al'ada ta tanada, an fara tara yadudduka na naɗe dutsen. Mai sassaƙa a Cairns yana jiran rubutun zuwa ƙarshen Satumba. Na ce masa ya sa tambarin soja a sama, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya sa kaki lokacin yaƙin Japan. Ya ce sai da izini. Na rubuta wa hukumar soja neman izinin, ga amsar da suka ba ni cikin layi huɗu: wai Iona Gadai ya gudu daga bakin aiki a shekarar 1943, don haka ba tambari, ba lambar yabo.

Baba ne ya gudu? Mutumin da ya yi shekara ashirin yana nutso a ƙarƙashin teku neman bawon lu'ulu'u, wanda kifin shak ya yage wa cinya ya koma ruwa bayan wata biyu? Ƙarya suke yi, kuma sai sun lashe ta.

Abin da ya fi ci min rai, taku shida ne tsakanin kabarinsa da na Kofur Paiwan, wanda tambarinsa ke ƙyalli tun daga bakin hanya. Ka tuna 'yarsa Dalasa, wadda yanzu ita ce shugabar zumuntar mata. Makon jiya a kanti, gaban mutane, ta dube ni tana gyara tabarau ta ce, "Maleta, na ji wai tambari kike nema wa Baba Iona. Ke kuwa ki sa a zana masa kifi mana, ai shi aka san shi da shi." Mata suka kwashe da dariya. Na ɗauki buhun fulawata na fito, amma na rantse sai ta maimaita maganar nan da hawaye.

Ka je ofishin da ake ajiye takardun soja ka ga na Baba da idonka. Ka kwafo min komai, har da sunan wanda ya rubuta ƙaryar.

Ƙanwarka,
Maleta

Canberra, 2 ga Afrilu, 1994

Ƙanwata Maleta,

Na sami wasiƙarki, na ji daɗin jin kuna lafiya. Ƙafa da sauƙi, tuƙin bas ne ba ya barinta ta huta. Sanyi ya fara shigowa, ni kuwa har yau jikina bai yarda da garin nan ba.

Na ɗauki hutun kwana ɗaya na je. Sai da suka karɓe min jaka da biro, suka ba ni fensir, sannan aka kawo fayil ɗin. Bai fi takarda goma sha biyu ba. A ta farko akwai hoton Baba yana ɗan shekara ashirin da biyu, riƙe da allo mai lambarsa a ƙirji, ya ɗaure fuska irin yadda kike yi in an taɓa ki. Na daɗe ina kallonsa.

Ga abin da ke ciki. Ba a gan shi a sansanin tsibirin Horn ba daga 6 ga Yuni zuwa 25 ga Yuni, 1943, kwana goma sha tara ke nan. Ba kama shi aka yi ba, da ƙafarsa ya dawo. Hafsa ya tambaye shi inda ya je, aka rubuta cewa bai ba da amsa ba. Aka sake tambaya, nan ma shiru. Aka ba shi kwana ashirin da takwas a gadirum, wani kuma ya rubuta "ya gudu" da jan biro a saman takardar. Shaida ɗaya ne ya sa hannu, tun da kin ce in faɗa miki: Kofur Paiwan.

Wata baturiya, Misis Harland, ta zauna da ni. Ta ce a ƙa'idarsu ma wanda ya dawo da kansa ba a kiransa ɗan gudu, mai jan biron ya yi kuskure. Amma ba sa goge abu don kawai dangi sun ji haushi. Sai an kawo takardar rantsuwa daga wanda ya gani da ido, ya faɗi inda Baba ya je da dalilin tafiyar. Ta ce duk abin da aka kawo zai shiga fayil, kowa na iya karantawa.

An ce min Athe Gesa, wanda suke rukuni ɗaya da Baba, yana raye a gidan tsofaffi a Cairns. Zan je wurin 'yata can a watan gobe, zan neme shi.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ki fitar da Dalasa daga maganar nan. Bakinta dai ba linzami, na sani, amma ba ita ta sa hannu ba.

Yayanki,
Mareko

Badu, 27 ga Afrilu, 1994

Yaya Mareko,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, ruwa ya ɗauke, iska ta juya. Na gode da wahalar da ka sha.

Amma layinka na ƙarshe ya ba ni dariya. Ashe har yanzu? Duk Badu an san wanda ya riƙa kai wa Dalasa kwakwa bayan coci kafin ya tafi aikin layin dogo, an kuma san cewa wani ta aura ta bar mai kwakwar. Kai da furfurarka da jikokinka, ka rasa wadda za ka kare sai ita. To ka ajiye tausayinka, ba shi na aike ka nema ba.

Paiwan. Tun da na karanta sunan nan abinci bai yi min daɗi ba. Shekaranjiya aka yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Dalasa ta fito da lambobin ubanta guda huɗu a ƙirji, tana tafiya a gaban fareti kamar ita ta kori Japan. Na tsaya a gindin bishiyar almon ina kallonta, na tuna duk shekara ranar nan Baba tun da sassafe yake ɗaukar ragarsa ya tafi bayan tsibiri, ba ya dawowa sai an watse. Muna yara mukan tambaye shi, "Baba, kai ba soja ba ne?" Sai ya ce raga ta yage, ba mai ɗinke ta in ba shi ba.

Ka san abin da ke ƙona ni? Duk lokacin da Baba ya kamo ayu, kafin mu 'ya'yansa mu ɗanɗana, sai ya yanke wurin da ya fi kitse ya ce in kai gidan Paiwan. Ni nake kaiwa, a kaina. Paiwan yakan karɓa bai ko dube ni ba. Ashe naman nan gidan wanda ya jefa shi gadirum nake kaiwa. Da Paiwan ya mutu Baba ne ya fara sa shebur a kabarinsa. Ina ƙaunar ubana, amma wannan haƙurin nasa ba na gadonsa, ban kuma yafe masa shi ba.

Ga abin da na shirya. Ranar buɗe dutse, in surukai sun warware yadi na ƙarshe, tambari ya bayyana, zan miƙe gaban mutanen Badu da na tsibirin Moa da duk wanda ya zo daga babban yanki, can tsallaken teku, in karanta takardar tuhumar nan da sa hannun Paiwan, sannan in karanta takardar gyara. Dalasa za ta kasance a layin gaba, don ba ta taɓa yarda ta zauna a baya ba. Ina so in ga inda za ta sa fuskarta.

Ka samo min rantsuwar Athe Gesa. Satumba ba ta da nisa.

Ƙanwarka,
Maleta

Badu, 9 ga Yuni, 1994

Yaya Mareko,

Ina fata lafiya ce ta sa ka shiru. Mu muna nan ƙalau.

Mako shida ke nan. Jirgin wasiƙu ya sauka sau goma sha biyu, duk na je. Ɗiyar maƙwabciyata da ke aiki a Cairns ta ce ta gan ka a ƙofar gidan tsofaffi tun tsakiyar Mayu, ka fito kana share ido. Ke nan ka ga Athe Gesa, ka ji abin da ka ji, ka zauna a kansa.

In maganar da na yi ta kwakwa ce ta ɓata maka rai, ka yi haƙuri, wasa ne. In kuwa Dalasa ce ta riga ni zuwa wurinka, ka faɗa min in san cewa ba ni da kowa a Canberra. Kada ka sa in ɗauke ka cikin waɗanda suka sa wa Baba hannu.

Maleta

Canberra, 26 ga Yuni, 1994

Ƙanwata Maleta,

Lafiyata ƙalau, iyali ma haka. Ba fushi na yi ba, Dalasa kuma ban ji muryarta ba shekara talatin. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Ki karanta ta ke kaɗai, in kin gama ki sa ta a murhu.

Na sami Athe Gesa a kan keken guragu, ido ya tafi amma kai garau. Da na ambaci kwana goma sha tara sai ya ce, "Kai ɗan wane ne ma? To rufe ƙofa. Ni na tura wa Iona kwalekwalen."

Ga abin da ya faɗa. Matar Paiwan ta shekara bakwai ba haihuwa. Ita da mamarki 'ya'yan wa da ƙane ne. Da mamarki ta sami cikinta na fari, tun kafin a tafi soja, dangi suka zauna aka yi alkawari: abin da aka haifa na gidan Paiwan ne. A farkon Yuni saƙo ya iso sansani cewa an haifi mace, amma mamarki ta rungume ta ta ce ba mai taɓa ta. Tsofaffi kuma suka ce ko ta saki, bayarwa ba ta cika sai uban da ya haifa ya ɗauki jaririyar da hannunsa ya ɗora a hannun sabuwar uwa. Gidaje biyu sun kusa fidda adda.

Athe ya ce, "Paiwan ya zo wurin Iona yana kuka kamar yaro. Ya ce je ka, kwana biyu ne, in an kira suna ni zan amsa maka. Iona ya shiga ruwa, iska na bayansa, yini ɗaya ya isa Badu. Ya yi abin da ya je yi. To dawowar fa? Iskar da ta kai shi ita ta tsaya masa a gaba, mako biyu ba kwalekwalen da ya iya fita. Kwana uku Paiwan yana amsa sunan mutum biyu, a na huɗu bature ya ƙirga kawuna."

Na ce, Athe, me ya hana su faɗa wa hafsa gaskiya? Ya juyo da makafin idanunsa ya ce, "Kai babban yanki ya cinye maka hankali? Su faɗa, bature ya rubuta? Ɗan da aka bayar an bayar. Ba a faɗa masa, ba a faɗa wa baƙo, balle a sa a littafi. Aka tambayi Iona ya yi shiru. Aka miƙo wa Paiwan biro, ya dubi Iona, Iona ya gyaɗa masa kai."

Maleta, jaririyar nan Dalasa ce. Uwarku ɗaya, ubanku ɗaya. Duk tsofaffin Badu sun sani, ita ce kaɗai ba ta sani ba, sai ku da aka haifa daga baya.

Ban karɓi rantsuwarsa ba, ban kuma nema ba. Ba yadda za a faɗi dalilin tafiyar ba a faɗi sunanta ba. Baba ya zaɓi jan biron nan da idonsa a buɗe, ya kuma riƙe shi shekara arba'in da tara har ya shiga ƙasa. A sassaƙa dutse ba tambari. Mu da muka sani, mun sani.

Yayanki,
Mareko

Badu, 18 ga Yuli, 1994

Yaya Mareko,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau, fiye ma da yadda kake zato. Ban ƙona wasiƙarka ba.

Ka ɗauka in na ji labarin nan zan yi sanyi. Kwana uku na yi ban fita ba, sannan na tashi da wuta wadda ta fi ta da. Ka zauna ka lissafa da kyau. Paiwan ya sami 'ya. Ya riƙe igiyoyinsa biyu na kofur. Ya rataya lambobinsa, ya yi fareti shekara arba'in, aka binne shi da tuta. Baba ya ba da 'yarsa ta fari, ya kwana a gadirum, ya mutu da sunan ɗan gudu. Wai ya gyaɗa masa kai. To bayan yaƙi fa? Shekara nawa Paiwan ya yi yana iya zuwa gaban hukuma ya ce, ni na aike shi, laifina ne, ko bai faɗi dalili ba? Bai je ba, don igiya ta fi masa Baba daraja. Mama kuma ta rayu tana ganin 'yarta a tsallaken hanya tana kiran wata uwa. Yanzu na gane abin da ya sa ta yi rashin lafiya ranar auren Dalasa ta ƙi fita.

Ita kuma 'yar da aka yi duk wannan dominta, ita ce ta tsaya a kanti ta ce a zana masa kifi.

Na hau jirgi na je Cairns makon jiya. Athe Gesa ya ji muryata ya ce, "Ke 'yar Iona ce, kin zo da masifa." Na ce, "Athe, masifa tana nan tun kafin a haife ni. Paiwan ya sa hannu ya mutu. Kai ma in ka mutu da maganar nan a ciki, ka sa hannu tare da shi." Ya ce, "Yarinya, ba a yi. Tun kakanni ba a yi." Na ce, "Tun kakanni ana rubuta wa jarumi ɗan gudu?" Muka yi awa biyu a haka. Daga ƙarshe ya ce a kira mai shaida rantsuwa, ya faɗi komai, aka kama masa hannu ya sa. Yana kuka, ni kuwa idona ƙamas.

Na aika wa Misis Harland da kaina. Kada ka wahalar da kanka. Yanzu takardu uku zan karanta ranar buɗe dutse, ta ukun ita ce za ta gaya wa shugabar zumuntar mata ko 'yar waye ita.

Maleta

Canberra, 1 ga Agusta, 1994

Maleta,

Muna lafiya. Ina fata ke ma haka.

Na je ofishin ranar da wasiƙarki ta iso. Na roƙi Misis Harland ta ba ni takardar rantsuwar, ta ce ba ni na kawo ba, ke kaɗai ke da ikon janyewa, kuma sai kafin kwamitin da ke duba fayil ya zauna a ƙarshen watan nan. Layi ɗaya daga hannunki ya isa.

Kin yi gaskiya a kan Paiwan, ban musa ba. Amma Paiwan yana ƙarƙashin ƙasa, ba abin da zai ji. Wadda za ta ji mace ce mai shekara hamsin da ɗaya da ba ta roƙi kowa ya bayar da ita ba. Ki rubuta layin nan. In ba ki rubuta ba, kada ki ajiye min wuri a Disamba.

Mareko

Badu, 21 ga Disamba, 1994

Yaya Mareko,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali, Allah ya sa ku yi Kirsimeti lafiya. Ban amsa wasiƙarka ta Agusta ba don ba ni da niyyar rubuta layin da ka ce. Yanzu an gama komai, ya kamata ka ji daga bakina.

Na yi nasara. A Satumba takarda ta zo, sun soke jan biron, sun ba da izinin tambari, har da ban haƙuri. Dutse ya iso a jirgin kaya a Nuwamba. Na sa aka buɗe akwatin ni kaɗai na shafa tambarin da hannuna. Sun ce lambobin yabo suna tafe daban, na yi ta zuwa kanti ina jira.

Ranar 2 ga Disamba jirgin wasiƙu ya sauka, kanti cike da mata ana sayayyar biki. Mai rabon wasiƙu ya kira sunan Dalasa, ya ba ta ƙaramin ƙunshi ta sa hannu. Ta ce ai sabon tabaraunta ne, ta yage a nan. Sai ga lambobi uku sun zubo a kan kanta. Ka san ta da son a ji tana karatu. Ta ɗaga takardar da ke ciki ta fara da ƙarfi, tana jan murya, har ta kai inda aka ce ana miƙa mata su a matsayinta na babbar 'yar marigayi Iona Gadai, bisa rantsuwar da ke cikin fayil. A ƙa'idarsu lamba babban ɗa ake ba, ni kuwa da hannuna na kai musu shaidar cewa ba ni ce babba ba.

Ta yi dariya ta ce turawan nan ba sa rabo da shirme. Ta ɗago ta dubi tsofaffin matan don su taya ta. Ba wadda ta yi dariya, ba wadda ta yi mamaki, kowace ta sunkuyar da kai tana duba kwandonta. A fuskokinsu ta karanta sauran. Ina tsaye taku uku daga gare ta. Wata tara ina jiran in ga fuskar nan ta faɗi, na kuwa gani. Hancin Mama ne da ita, ban taɓa lura ba sai ranar.

An buɗe dutse ranar Asabar. Surukai sun zo don aikinsu ne, suka warware yadudduka ɗaya bayan ɗaya ba mai ɗaga murya da waƙa. Ayu biyu da kunkurun ruwa huɗu muka gasa a rami, rabi ya kwana. Tsofaffi ba wanda ya zo, masu rawa suka aiko cewa mai ganga ba shi da lafiya. Takardun nan uku suna cikin rigata, ban fito da su ba, don ba sauran wanda bai ji ba.

Ana shirin tashi sai ga Dalasa, ba komai a ƙirjinta. Ta tsaya tsakanin kaburburan biyu ta daɗe tana kallon tambarin. Na matsa na ce, "Lambobin Baba fa?" Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan.

Ta ce, "Wane Baban?" Ta juyo gare ni. Ta ce, "Ba zan ba ki ba, ba kuma zan rataya ba. Maza biyu da mata biyu sun kame bakinsu shekara hamsin don kada in ji abin da na ji a kanti. Ke saboda magana ɗaya da na yaɓa miki kika kasa haƙurin wata tara. Da ina da uba ɗaya ina alfahari da shi, Maleta. Yanzu ɗaya ya bayar da ni, ɗaya ya saye ni da sunan abokinsa. Ki ci tambarinki."

Jiya ta kulle gidanta ta bi jirgi zuwa wurin ɗanta a Townsville, ta bar makullin coci a hannun fasto. An ce Athe Gesa ya daina karɓar baƙi. A hanya ana amsa min gaisuwa, amma ba mai tsayawa.

Kada ka ɗauka na yafe wa Paiwan. Da zai tashi yau, sai na tofa masa yawu. Amma kullum da safe ina zuwa in share kabarin Baba, kuma na kasa ɗaga ido in dubi dutsen, don na san abin da zai ce min.

Yaya, ka koma wurin Misis Harland. Ka tambaye ta ko takardar da aka gyara ana iya mayar da ita yadda take. Su karɓi lambobinsu, su rubuta wa Dalasa cewa kuskure ne, tsoho ne ya ruɗe. Ni zan sa a kankare tambarin.

Ƙanwarka,
Maleta

Canberra, 16 ga Janairu, 1995

Ƙanwata Maleta,

Muna lafiya, mun shiga sabuwar shekara lafiya. Ina fata kina cin abinci.

Na je na tambayi Misis Harland. Ta ce su kuskure suke gyarawa, wannan kuwa gaskiya ce, ba su da hanyar cire ta. Na karɓo adireshin ɗan Dalasa a Townsville, ga shi a bayan takardar nan. Ba ni zan rubuta mata ba. Yayarki ce.

Yayanki,
Mareko